Asalin Doha da Kwarin Mushairib

In ka ɗauki taswirar ƙasar Katar ka duba daga kudu har arewa, ba za ka ga kogi ko ɗaya mai gudu rani da damina ba. Ƙasa ce ta rairayi da marmara, teku ya kewaye ta gabas da yamma da arewa, ruwan saman da take samu a shekara kuwa bai cika kai milimita 100 ba. Duk da haka babban birninta Doha a bakin hanyar ruwa ya tashi. Sunan hanyar nan Wadi Mushairib.

Abin da Larabawa ke kira wadi shi ne kwari, irin wanda ke bushewa ƙayau sai an yi ruwa ya kawo. Mushairib kuwa daga kalmar sha ya samo asali, wato mashaya. Ruwan saman ƙasar lokacin sanyi yake sauka. In ya sauka sai ya gangaro ta kwarin nan ya faɗa teku, wanda ya nutse a ƙasa kuma a same shi a rijiyoyi. A ƙasar da ruwan daɗi ke da wuyar samu haka, inda rijiya take nan mutane ke sauke kaya.

Garin da ya fara kafuwa a wannan gaɓa shi ne Bida'a, na masunta da masu nutso neman lu'ulu'u. Wajen shekarun 1820 sai wata unguwa ta tsiro gabas da shi, aka kira ta Doha. An ce sunan daga siffar gaɓar ya fito, don teku ya shigo ya yi lanƙwasa kamar bakin ƙwarya, jiragen katako na samun mafaka daga iska. A tsakiyar ƙarni na 19 Shaihu Muhammad bin Thani ya taso daga Fuwairit ya zauna a Doha, a 1868 kuma ya ƙulla yarjejeniya da Ingila a matsayin shugaban mutanen Katar. Sannu a hankali Doha ta haɗiye Bida'a, ƙanwa ta zama uwar gida.

A bakin kwarin kasuwa ta kafu. Makiyaya su fito daga sahara da awaki da ulu, masunta su hauro da kifi. An ce in kwarin ya kawo, ƙasa ta jiƙe, ba inda za a shimfiɗa tabarma a kasa kaya, sai a yi ciniki a tsaye. Shi ya sa har gobe ake ce mata Suƙ Waƙif, wato kasuwar tsaye. Bakano ba zai yi mamakin wannan ba, don Kasuwar Kurmi ma a bakin Jakara ta kafu. Kusa da kasuwar akwai ganuwar Kut, wadda Shaihu Abdullahi bin Jasim ya sake ginawa a 1927.

Inda aka sami ruwa da kasuwa, malamai ba sa nisa. Da fari makarantun allo ne a gidaje da masallatai. Cikin shekarun 1910 Shaihu Muhammad bin Abdul'aziz Al Mani ya buɗe makarantar Asariyya ta ilmin addini da Larabci. Wata malama, Amina Mahmud Al Jaida, ta riƙa tara 'yan mata a gidanta tana koya musu Alƙur'ani, ita ce kuma ta shugabanci makarantar mata ta farko da gwamnati ta buɗe cikin shekarun 1950. Kwalejin horon malamai ta zo a 1973, ta zama Jami'ar Katar a 1977.

Garin ya ga wuya kafin daɗi. Cikin shekarun 1930 lu'ulu'un da Japan ke kiwatawa ya karya kasuwar na teku, mutane da yawa suka yi ƙaura. Da aka fara fitar da man fetur na Dukhan a 1949 sai al'amura suka juya. Titin da aka fara haskawa da lantarki a unguwar Mushairib yake, har yau Titin Kahraba ake kiransa, wato titin lantarki. Aka koma tace ruwan teku ana cire gishiri, rijiyoyi suka huta. Birni ya miƙe har ya haɗe da Rayyan a yamma, ya doshi Wakra a kudu. Kwarin kuwa, kwalta da siminti suka rufe shi.

Sunan dai bai nutse ba. Tun daga 2010 aka shiga sake gina unguwar Mushairib, aka bar tsofaffin gidaje huɗu suka zama gidajen tarihi. Ɗaya daga cikinsu, Gidan Bin Jalmud, yana ba da labarin bayin da aka kawo ƙasar, da yawansu daga gabashin Afirka, har zuwa 1952 da aka hana bauta. A ƙarƙashin unguwar akwai tashar jirgin ƙasa ta Mushairib, inda layuka uku suka haɗu. Wurin da makiyayi da masunci suke gamuwa saboda ruwa, nan dubban matafiya ke gamuwa a yau. Tushiya masomin dawa. Wanda Allah ya kai shi Doha, in ya gama kallon benaye, ya gangara Suƙ Waƙif ya ɗan tsaya, don a kan hanyar ruwan da ya shayar da garin yake tsaye.