Ƙasar da Iska ta Kawo: Tarihin Zaizayar Ƙasa Daga Samaru Zuwa Dogarawa

Duk wanda ya ratsa Dogarawa da rani, a kan hanyar Zariya zuwa Kano, zai ɗauka babu ƙasa mai ƙwari kamarta. Gidajen mai da rukunin shaguna sai tashi suke yi a kanta. Amma mai shirin zuba miliyoyi a gini a wannan yanki, ya kamata ya fara da sanin asalin ƙasar da zai ɗora harsashi a kai.

A can ƙarƙashin Zariya akwai tsohon dutse mai tauri, irin wanda ya ɓullo fili a Kufena. A samansa akwai ruɓaɓɓen dutse da marmara. Abin da ya lulluɓe su kuwa ƙasa ce mai laushi, wadda iska ta kwaso daga arewa ta shimfiɗa tun dubban shekaru. Da rani tana ƙanƙamewa, amma da zarar ta sha ruwa sai ta saki jiki. Ruwan da ke sauka a Zariya kuma yakan kai wajen milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba, sau da yawa kamar da bakin ƙwarya.

Mutanen da suna da hanyar zama da wannan ƙasa. Tudu na gida ne da gero da dawa, fadama ta rake ce da kayan lambu. Ramin da aka haƙi ƙasar gini shi ke zama kududdufi, ya riƙe ruwan unguwa har ƙasa ta shanye shi a hankali.

Jirgin ƙasa ne ya fara sauya wannan tsari. Layin dogon da ya taso daga Baro ya ratsa Zariya, ya isa Kano a 1911, Sabon Gari kuma ya kafu a gefen tasha. A 1922 Turawa suka buɗe cibiyar binciken aikin gona a Samaru, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta zo a 1962. Kowane ɗayan waɗannan ya jawo jama'a, jama'a suka jawo saran itace da noma har bakin rafi da ɗibar yashin gini.

Shaida mafi ƙarfi tana cikin jami'ar kanta. A 1973 aka datse kogin Kubanni don samar wa jami'ar ruwan sha. Tun daga nan malaman sashen nazarin ƙasa suka sha auna zurfin madatsar, suna tarar da laka tana cike ta. Wannan laka ba daga sama ta faɗo ba. Ƙasar gonaki ce da ta filayen gini, wadda kwazazzabai suka kwaso.

Yadda babban gini ke haifar da kwazazzabo ba boyayye ba ne. Filin da a da yake shan ruwa, idan aka rufe shi da kwano da siminti, sai ruwan ya haɗu wuri guda ya fita da ƙarfi. In kwatar ta ƙare a kan tsirarar ƙasa, nan take rami yake farawa. Shi kuwa kwazazzabo da baya yake ci: kowace damina bakinsa yana zaftarewa, yana matsowa inda ruwan ya fito, har ya iske katangar wanda ya sako shi, bayan ya gama da ta maƙwabci.

Haɗari na biyu ba ya ganuwa. Kududdufin da aka cike da shara da ɓaraguzai yakan yi kama da fili lafiyayye, amma cikon yana ci gaba da lotsawa shekara da shekaru. Bene ya hau kansa, wani sashe ya nutse fiye da wani, bango ya tsage. Ruwan da kududdufin yake riƙewa kuma sai ya nemi gidajen mutane.

Doka ba ta yi shiru ba. Tun 1992 Najeriya take da dokar da ta wajabta auna illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, kuma a Jihar Kaduna hukumar KASUPDA ce ke ba da izinin gini. A 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja. Wannan adadi kaɗai ya isa nuna tsadar gyara bayan ɓarna.

Saboda haka, kafin a sayi fili a Dogarawa, tambayoyi uku sun wajaba. Me ke wurin shekara talatin da suka wuce? Dattawan unguwa sun san amsa. Injiniya ya haƙa ya gwada ƙasar? Sannan ruwan rufin, in ya bar harabar, ƙofar gidan wa zai nufa?