'Yan mazan jiya da makaman gida: manufar tsaron Najeriya

A ranar 15 ga watan Janairun kowace shekara ne Najeriya ke bikin tunawa da 'yan mazan jiya. Shugaban ƙasa kan ajiye furanni a gaban mutum-mutumin sojan da ba a san ko wanene ba a Abuja, gwamnoni kuma su yi haka a jihohinsu, bayan an yi addu'o'i a masallatai da majami'u.

A da, ana yin bikin ne ranar 11 ga watan Nuwamba, kamar sauran ƙasashe renon Ingila. Daga baya aka mayar da shi ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970.

Jawaban wannan rana sukan ƙunshi alkawura biyu: kula da tsofaffin sojoji da iyalan waɗanda suka rasu, da kuma rage dogaro ga ƙasashen waje wajen sayen kayan yaƙi. Dukkansu an yi musu doka. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen aiwatarwa.

Su wanene 'yan mazan jiya?

Rundunar sojan Najeriya ta samo asali ne daga wata ƙaramar runduna ta Hausawa da wani Bature mai suna John Glover ya kafa a Legas a 1863. A Yaƙin Duniya na Biyu, dubban matasa daga lardunan Arewa sun yi yaƙi a Burma a ƙarƙashin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma.

Bayan samun 'yanci sun je Kwango a farkon shekarun 1960, inda Barikin Bukavu na Kano ya samo sunansa. Sai yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, da aikin ECOMOG a Laberiya da Saliyo, da kuma yaƙi da Boko Haram.

Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion, wadda aka kafa bisa doka a 1964, ita ke wakiltarsu, kuma don tallafa musu ne ake sayar da tambarin bikin kowace shekara.

A 2011 an cire sojoji daga tsarin fansho na karo-karo, aka bar biyansu a hannun Hukumar Fanshon Soja. Sai dai ƙorafi bai ƙare ba. A watan Janairun 2025, tsofaffin sojoji sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman a biya su haƙƙoƙinsu. Ga tsohon sojan da ya koma ƙauye irin Fammar a ƙaramar hukumar Kibiya ta Jihar Kano, karramawar da ta fi kowace ita ce fansho ya shigo a kan lokaci.

Masana'antar Kaduna

A 1964 ne aka kafa kamfanin ƙera makamai na ƙasa, DICON, a Kaduna, da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma. Ya samar da bindigogi da harsasai a lokacin yaƙin basasa, amma da yaƙin ya ƙare aiki ya ja baya, har ya koma yin kayan farar hula kamar kujeru.

Illar haka ta fito fili a 2014, lokacin da Amurka ta hana a sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, bisa zargin take haƙƙin bil'adama, alhali Boko Haram na kame garuruwa a arewa maso gabas.

An samu ci gaba tun daga lokacin. A 2018 rundunar sojan sama ta ƙaddamar da jirgi marar matuƙi mai suna Tsaigumi a Kaduna. A 2019 aka fito da motar sulke mai jure nakiya, Ezugwu. Sojan ruwa kuma sun ƙera jiragen sintiri a Legas, irin su NNS Karaduwa a 2016 da NNS Oji a 2021.

Abin da doka ta ce

A watan Mayun 2017, muƙaddashin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya sa hannu a kan wani umarni da ya wajabta wa hukumomin gwamnati kashe aƙalla kashi 40 cikin ɗari na kuɗin sayen wasu kayayyaki a kan na gida, ciki har da kaki da takalma da motoci. A watan Nuwamban 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar DICON, wadda ta buɗe ƙofar haɗin gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu.

Irin wannan tsari ba sabo ba ne a duniya. Tun 1941 Amurka ke da dokar da ta tilasta wa ma'aikatar tsaronta sayen tufafi da abincin sojoji daga masana'antun cikin gida.

Cikas

Babbar matsalar ita ce kayan aiki. Masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta, wadda aka fara ginawa da taimakon Tarayyar Sobiyat, ba ta kai ga samar da ƙarfen da aka yi ta domin sa ba. Yawancin masaƙun Kaduna da Kano da za su iya saƙa yadin kaki sun rufe. Majemun Challawa da Sharaɗa na sarrafa fata, amma akasarinta waje ake fitar da ita.

Masana'anta kuma ba ta tsayuwa sai da oda mai ɗorewa da biya a kan kari. A nan ne batutuwan biyu suka haɗu: mai ɗinka takalmin soja a Kano da tsohon sojan da ke jiran fansho duk ido suke zuba wa baitulmali guda, kuma ranar da aka saki kuɗi ce ke nuna matsayin alkawarin da aka yi musu.