Tarihin Wata Ƙwayar Cutar Hanji da Ke Biyo Bayan Magani

A shekarar 1935, a birnin Denver ta ƙasar Amurka, waɗansu masana biyu, Ivan Hall da Elizabeth O'Toole, suna nazarin ƙwayoyin halittar da ke cikin kashin jarirai sabbin haihuwa, sai suka ci karo da wata wadda ba ta jure iska, ga ta da nawar tsiro a kwanon gwaji. Wahalar da suka sha wajen rainonta ita ta sa suka laƙaba mata sunan Bacillus difficilis, watau mai wuyar sha'ani a harshen Latin. Sun kuwa lura tana fitar da dafin da ke kashe dabbobin gwaji. To amma da yake jariran da aka same ta a cikinsu lafiyarsu ƙalau, sai aka ajiye zancenta, ba a sake waiwayarsa da gaske ba sai bayan shekara arba'in.

Ita cutar da take haddasawa ta riga ta shiga littattafai. Tun 1893 wani likitan fiɗa a Baltimore, John Finney, ya bayyana wata budurwa da zawo ya yi ajalinta bayan an yi mata aiki, aka tarar da wata irin yana shimfiɗe a bangon hanjinta. Da can abin ba safai ba ne. Sai da magungunan kashe ƙwayoyin cuta suka yawaita a shekarun 1950 sa'an nan ya zama ruwan dare a ɗakunan jinya, likitoci kuwa suka ɗora laifin a kan Staphylococcus aureus, gama ita suka fi saurin gani in sun duba bayan gidan majinyaci. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Abin da ya daɗa tsawaita wannan kuskure abin mamaki ne. Maganin da aka zaɓa don yaƙar wadda ake zargi, watau bankomaisin, yana kashe ainihin mai laifin ma. Majinyata suna warkewa, saboda haka ba wanda ya ga dalilin sake bincike. A tsakiyar wannan yanayi ne, cikin 1958, kuma a Denver ɗin dai, wani likitan fiɗa mai suna Ben Eiseman ya yi wa majinyata huɗu ɗuren bayan gidan mutane masu lafiya ta dubura, suka farfaɗo. Hujjarsa ita ce magani ya halaka mazauna hanji na asali, tilas a mayar da su. Lalle ya hango gaskiya tun ba a san sunan mai laifi ba, amma ƙyamar hanyar da ya bi ta sa 'yan kaɗan ne suka bi sawunsa.

Cikin 1974 Francis Tedesco a birnin St. Louis ya bi diddigin majinyata 200 da aka ba su kilindamaisin: kashi 21 cikin ɗari suka kamu da zawo, kashi 10 kuma aka ga yanar nan a hanjinsu. Daga nan bincike ya kankama. Tsakanin 1977 da 1978 John Bartlett da abokan aikinsa a Boston, da waɗansu masana a Ingila, suka tabbatar, ta hanyar gwaji a kan wani irin ɓera da kuma nazarin dafin da ke cikin bayan gidan majinyata, cewa ƙwayar nan ta jariran Denver ita ce, wadda a lokacin ake kira Clostridium difficile.

Yadda al'amarin yake shi ne, hanjin mai lafiya cike yake da ɗimbin ƙwayoyin halitta waɗanda ke cinye abinci, su tare wuri, su kuma sarrafa ruwan matsarmama ya koma abin da ke hana ta tsiro. Idan magani ya share su, sai ta sami fili. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bugu da ƙari takan ƙulle kanta cikin ɓawo mai tauri, ta yi watanni a jikin gado ko ƙofa, ruwan sinadarin goge hannu bai yi mata kome, sai dai a wanke ta da sabulu da ruwa. Shi ya sa cutar kan komo bayan an zaci ta tafi.

A farkon shekarun 2000 wani nau'inta mai zafin dafi ya yi ɓarna a asibitocin lardin Kwibek na Kanada da na Ingila. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2011 kaɗai mutum wajen 453,000 suka kamu a ƙasar, kimanin 29,000 suka rasu cikin kwana 30 da gano cutar. Wannan ƙunci ne ya komar da masana ga dabarar Eiseman. A wani gwaji da aka yi a Amsterdam, aka buga sakamakonsa a 2013, mutum 15 cikin 16 da aka yi wa dashen bayan gida suka warke, alhali 4 ne kacal cikin 13 na masu shan bankomaisin kaɗai, har aka tsayar da gwajin kafin wa'adinsa. A 2016 aka sake wa ƙwayar suna zuwa Clostridioides difficile, a 2022 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da magani na farko da aka haɗa daga bayan gidan mutane masu lafiya, shekara 64 bayan majinyatan nan huɗu na Denver.