Lissafin Damina a Ƙasar Gwandu

Tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo malaman Gwandu suke lissafin damina da manzilolin taurari 28, manomi kuwa ya dubi Kaza da 'ya'yanta kafin ya saka iri. Wannan lissafi lokacin ruwa yake faɗi, ba yawansa ba, shi ya sa farin 1973 da na 1984 suka riski jama'a ba shiri. Masana sun fara ɗora laifin bisa sare itatuwa da yawan kiwo, daga baya hujja ta rinjaya wajen sauyin zafin ruwan teku. A 2020 kuma ruwan ne ya wuce kima, har ambaliyar Gulbin Rima ta cinye shinkafar fadamun Kalgo kafin ta nuna.