Tarihin Koyon Lissafi a Rukuni da Darasinsa ga Makarantun Mubi

Idan muka waiwayi tarihin manhajar lissafi a Nijeriya, za mu tarar an fi kula da abin da za a koyar fiye da yadda za a koyar da shi. Tarurrukan Entebbe da aka fara a Yuganda a 1962 su suka kawo sabon lissafi makarantunmu. A Janairun 1977, a taron Benin, Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya soke shi. Tsarin 6-3-3-4 ya biyo baya a 1982. Duk da waɗannan sauye-sauye, akasari malami na gaban allo, ɗalibai na kwafa.

A Amurka kuwa, ta fuskar dabarar koyarwa aka ɓullo wa lamarin. A 1971, da aka haɗa yara farare da baƙaƙe a makarantun birnin Austin, rikici ya tashi. Elliot Aronson ya kasa aji rukuni-rukuni, ya ba kowane yaro yanki ɗaya na darasi, ta yadda ba mai gane darasin sai ya saurari ɗan'uwansa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin haka gayya take a gona.

Mubi na da bukatar irin wannan dabara. Gari ne da ya haɗa Fali, Gude, Fulani, Hausawa da sauransu. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya zama hedikwatar Lardin Sardauna. Ya sami Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 1982, da Jami'ar Jihar Adamawa a 2002. Mamayar Boko Haram ta 2014 ta tarwatsa karatu, yara suka dawo aji ɗaya amma wasu sun yi nisa, wasu an bar su a baya.

A garin da ya shahara da kasuwar shanu, malamin sakandare na iya tambayar rukuni: da shinge mai tsawon mita 40, wane garke mai kusurwa huɗu zai fi girma? Wani zai kawo 12 da 8, wani 10 da 10, har su gano murabba'in mita 100. Idan wani ya jingina garken da katanga, sai a sami 200. Musu irin wannan shi ke haifar da ƙirƙira.

Don haka muna ganin ya kamata manhaja ta ware wa aikin rukuni lokaci, a kuma horar da malamai a kansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.