Malama, Kwamiti da Ƙofa: Nazarin Ingancin Makarantun Rainon Yara na Al'umma a Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci abubuwa 3 da ingancin makarantar rainon yara ta al'umma ya rataya a kansu, wato koyarwa da shugabanci da tsaro, a ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bunguɗu na Jihar Zamfara. An auna tanadin dokokin ilimi na Nijeriya da abubuwan da suka faru a jihar da maƙwabtanta daga 2010 zuwa 2025, aka kuma kwatanta da gwaje-gwajen da aka yi a Amurka da Ghana da Gabashin Afirka. Maƙalar ta gano cewa maganar tsaron makarantu a Zamfara ta fi karkata ga satar ɗaliban sakandare da na jami'a, alhali haɗurran da ke kusa da yaro ɗan shekara 4 sun sha bamban. Ta kuma nuna cewa malama mai horo da kwamiti mai iko su ne tushen ingancin karatu, kuma su ne tushen tsaron yaran.

Muhimman kalmomi: rainon yara, rabin aji, kwamitin makaranta, tsaron makarantu, Zamfara.

1.0 Gabatarwa

A ranar 1 ga Satumba, 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya da ke ƙaramar hukumar Maradun, suka tafi da ɗalibai 73. Gwamnatin jihar ta ba da umarnin rufe makarantun firamare da sakandare, kuma cikin kwanaki kaɗan aka katse layukan waya a faɗin Zamfara. Labarai sun yi ta maganar ɗaliban da aka sace. Waɗanda ba a cika ambata ba su ne 'yan rabin aji, masu shekara 3 zuwa 5, da suka koma gida a daidai lokacin da ƙwaƙwalwa ke saurin kama harshe da ƙirga da zama da mutane.

Makarantar rainon yara ta al'umma, a ma'anar wannan maƙala, ita ce wadda jama'ar unguwa ko ƙungiyar ci gaban gari ko kwamitin masallaci suka kafa, suke kuma ɗaukar nauyinta da karo-karo da ɗan kuɗin da iyaye ke biya. An haɗa da ajin share fage da ke cikin firamaren gwamnati, wanda jama'a suka fi sani da rabin aji, domin shi ma da taimakon iyaye yake tsayawa. An zaɓi Gusau saboda ita ce babban birnin jihar tun ƙirƙiro ta a 1996, sai Tsafe da ke kan hanyar Funtuwa da Bunguɗu da ke kan hanyar Sakkwato, inda gari da ƙauye ke cuɗanya, kuma rashin tsaro ya tilasta wa iyalai da yawa yin ƙaura.

2.0 Hanyar Bincike

Binciken ya dogara da bitar takardu. An duba Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004, da Manufar Ilimi ta Ƙasa bugu na 2013, da ƙa'idojin cibiyoyin rainon yara na 2007, da manufar tsaron makarantu ta 2021. An jera tanadinsu gefe guda, aka jera abubuwan da suka faru a fili a ɗaya gefen, domin a ga inda suka dace da inda suka saɓa.

3.0 Abin da Doka ta Tanada

A Sakkwato aka ƙaddamar da shirin Ilimin Bai-ɗaya a watan Satumba na 1999, kuma dokar 2004 ta sanya rainon yara cikin ilimin tushe. Dokar ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC, amma jiha ba ta cin tallafin gine-gine sai ta ajiye nata kason daidai da na tarayya. Manufar Ilimi ta 2013 ta mayar da shekara 1 ta share fage wani ɓangare na ilimin dole, ta ƙayyade malami 1 ga yara 25, ta ce a koyar ta hanyar wasa, kuma da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin ke yi. Takardar NCE ce mafi ƙanƙantar shaidar da aka amince a shiga aji da ita.

Tanadin yana da kyau a rubuce. Matsalar ita ce makarantar da jama'a suka kafa a zauren wani bawan Allah ko a harabar Islamiyya sau da yawa ba ta cikin rajistar kowace hukuma. Wadda ba ta cikin rajista kuwa, mai duba makarantu ba ya zuwa mata, horo ba ya isa ga malamanta, kuma idan an tashi rabon kayan aiki ba a san da ita ba.

4.0 Ingancin Koyarwa

Duk wanda ya ratsa ta bayan tagar rabin aji da hantsi ya san sautin: malama ta faɗi baƙi da Ingilishi, yara su amsa baki ɗaya, a maimaita har a tashi tara. Iyaye da yawa suna jin daɗin wannan, domin yaro ya dawo gida yana rera A, B, C. Amma haddar sautin da yaro bai san ma'anarsa ba ba ta koya masa haɗa baƙi da wasali, ba ta kuma ba shi damar yin tambaya. Tatsuniya da kacici-kacici da ƙirga da tsakuwa ko ƙwallon dabino sun fi gina harshe da tunani, ga su kuma ba sa cin ko kwabo.

Zamfara ba baƙuwa ba ce ga koyar da karatu da Hausa. Shirin RANA, wanda UNICEF ta gudanar da tallafin Birtaniya a Katsina da Zamfara, ya samar da littattafan koyon karatu da lissafi da Hausa ga azuzuwan farko na firamare, ya kuma horar da malamai. Malaman da suka samu wannan horo suna nan, kuma za su iya zama masu jagorantar malaman rabin aji na kusa da su. Akwai buƙatar a tuna da yaran rugage na yankunan Bunguɗu da Tsafe da ke zuwa aji da Fulatanci. Mataimakiya mai jin harshen na iya raba yaro da tsoron makaranta tun makon farko.

Bincike daga wasu ƙasashe ya nuna abin da ke kawo bambanci. Shirin Perry da aka yi a garin Ypsilanti na Jihar Michigan a Amurka, daga 1962 zuwa 1967, ya shafi yara 123 na gidajen talakawa. Malamai ƙwararru ne suka riƙe yara kaɗan-kaɗan, suna kuma ziyartar gidajensu kowane mako. Da aka bi sawunsu har suka kai shekara 40, waɗanda suka shiga shirin sun fi takwarorinsu kammala sakandare da samun kuɗin shiga, kuma ba su kai su faɗawa hannun hukuma ba. A Ghana, wani gwaji da ya shafi makarantu 240 a yankin Accra a zangon 2015 zuwa 2016 ya nuna cewa gajeren horo, idan aka bi shi da ziyarar mai ba da shawara har cikin aji, yana gyara koyarwa, yana rage yawan malaman da ke ajiye aiki. Sai dai a makarantun da aka haɗa horon da tarukan wayar da kan iyaye, ribar da yara suka samu ta dusashe. Darasin da ke ciki ga Zamfara shi ne, shawo kan iyaye su yarda cewa wasa karatu ne aiki ne na musamman, ba a gama shi da taro ɗaya ko biyu.

Jihar na da inda za ta samo malamai. Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya da ke Gusau mata zalla take horarwa, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Jiha da ke Maru, maƙwabciyar Bunguɗu.

5.0 Shugabanci

A makarantar al'umma shugaba ko shugabar makaranta kan haɗa ayyuka da yawa: karɓar kuɗi, sasanta iyaye, riƙe aji idan malama ba ta zo ba. Idan komai ya taru a hannun mutum ɗaya, ranar da ya yi tafiya ko ya yi fushi makarantar ta tsaya. Don haka ne tun tsakiyar shekarun 2000 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince da kafa kwamitin gudanarwa, wato SBMC, a kowace makaranta, wanda ya ƙunshi iyaye maza da mata da wakilin masarauta da malaman addini da masu sana'a.

Misali mafi kusa da yanayin ƙasar Hausa shi ne shirin rainon yara na madarasa da Gidauniyar Aga Khan ta fara a Mombasa ta Kenya a 1986, ya bazu zuwa Zanzibar da Uganda. Jama'ar Musulmi na can sun so 'ya'yansu su shiga firamare da shiri ba tare da sun rasa tarbiyyar addini ba. A tsarin, al'umma ce ke sa hannu a yarjejeniya, ta zaɓi kwamiti, ta ba da wuri, ta kuma fitar da matan unguwa da za a horar. Cibiyar shirin na koyar da malamai aikin aji, tana koyar da kwamiti riƙe asusu. Makarantar ta zama ta jama'a, domin kada ta mutu idan masu tallafi sun janye.

Haɗarin rashin sa ido ya fito fili a Kano, inda a watan Disamba na 2021 mai wata makaranta mai zaman kanta ya sace ɗalibarsa 'yar shekara 5 ya kashe ta. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Yuli 2022, gwamnatin jihar kuma ta janye lasisin makarantu masu zaman kansu domin sake tantancewa. Tantance wanda za a damƙa wa yara aiki ne da mai unguwa da liman da iyaye mata suka fi kowane ofis iya yi, domin su suka san asalin mutum da halinsa.

6.0 Tsaro

Sace ɗalibai mata na sakandaren Jangebe a ranar 26 ga Fabrairu, 2021, waɗanda aka sako su 279 daga hannun maharan bayan 'yan kwanaki, da sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga masaukansu a Sabon Gida cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu a Satumba 2023, su suka tsara yadda ake fahimtar tsaron makaranta a jihar: katanga, mai gadi, jami'an tsaro. Shirin ƙasa na samar da kuɗin tsaron makarantu na 2023 zuwa 2026, mai darajar naira biliyan 144.8, ya fito ne daga wannan damuwa. Damuwar gaskiya ce. Amma yaro ɗan shekara 4 yana da wasu abokan gaba da katanga ba ta tare su.

Na farko gobara. A Maraɗi, ranar 8 ga Nuwamba, 2021, wuta ta cinye azuzuwan zana, ta kashe yara fiye da 20, abin da ya sa gwamnatin Nijar ta hana ajiye 'yan share fage a irin waɗannan rumfuna. A Fabrairu 2025 gobara ta kashe almajirai 17 a wata makarantar allo a Ƙaura Namoda. Ɗaki mai ƙofa ɗaya da taga mai ƙarfe, da kara ko itace jibge a gefe, tarko ne ga yaran da ba su san inda za su gudu ba.

Na biyu ƙasa da ruwa. Gubar dalma da ta ɓulla a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta kashe yara fiye da 400, yawancinsu 'yan ƙasa da shekara 5, saboda su ke wasa a ƙasa suna kai hannu baki. Filin wasa da ke kusa da inda ake niƙa dutsen zinariya bai dace da yara ba. Haka rijiya marar murfi, da kududdufin da ke cika da damina, da masai marar tsabta. Annobar sanƙarau ta 2017, wadda ta fi tsanani a Zamfara, ta nuna illar cunkoso a ɗaki marar iska lokacin bazara.

Na uku hanya da ƙofa. Babbar hanyar da ta ratsa Tsafe da Gusau da Bunguɗu na ɗauke da tireloli dare da rana, kuma sau da yawa yaya 'yar shekara 7 ce ke riƙe hannun ƙaninta su tsallaka. A lokacin tashi kuwa, tambayar wa ya zo ɗaukar yaro ita ce babbar tambayar tsaro. Malamar da ke riƙe da yara 25 ta san fuskar kowane uba da kowace yaya. Wadda aka tara wa 80 ba ta ma lura idan ɗaya ya sulale.

7.0 Sakamako da Shawarwari

Binciken ya nuna cewa koyarwa da shugabanci da tsaro a wuri guda suke haɗuwa, wato yawan manya masu horo da ke tare da yaran, da kuma wanda ke sa musu ido. Bisa haka ake ba da shawarwari kamar haka.

Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ta yi wa makarantun al'umma rajista kyauta ta hannun sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomin 3, tare da haɗin kan masarautun Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Kwalejojin Gusau da Maru su shirya gajeren horo na lokacin hutu ga matan da unguwanni suka zaɓa, a bi shi da ziyarar aji. Kowane kwamiti ya ware kujeru ga iyaye mata, ya karanta asusu a bainar jama'a sau ɗaya a zango. Kowace makaranta ta ajiye littafin sunayen waɗanda aka yarda su ɗauki yaro, ta buɗe ƙofa ta biyu, ta rufe rijiya, ta gwada fitar gaggawa da yara tun kafin buƙata, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A kuma tsara tun yanzu yadda karatu zai ci gaba a gidaje da ta rediyo idan tsaro ya sa an sake rufe makarantu.

8.0 Kammalawa

A watan Nuwamba na 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, kuma gyaran gine-gine ya biyo baya. Maƙalar ta nuna cewa 'yan rabin aji na buƙatar nasu kason a wannan yunƙuri, kuma yawancin abin da suke buƙata horo ne da rajista da sa ido, waɗanda ba su kai gini tsada ba. Mataki na gaba ga masu bincike shi ne ƙidayar makarantun al'umma mazaɓa-mazaɓa a Gusau da Tsafe da Bunguɗu, a rubuta yawan yaran da ke gaban kowace malama, da irin horon da ta samu, da yawan ƙofofin ɗakin da take koyarwa a ciki.