Tarihin yadda 'yan tseren Amurka suka sa tayar baya ta kama kwalta

Yau za mu leƙa Amurka ta shekarun 1960, lokacin da kamfanonin motoci na Ditroit ke rige-rigen cusa manyan injuna a motocin gida. Pontiac GTO ta 1964 ce aka fi kafa misali da ita. Irin waɗannan motoci matasa ke kaiwa tseren miƙaƙƙen layi na rubu'in mil, wato mita 402, a ƙarƙashin dokokin ƙungiyar NHRA wadda Wally Parks ya kafa a 1951. Tsere ne na 'yan daƙiƙu. Wanda tayarsa ta tsaya juyi tana hayaƙi a wajen tashi, sai dai ya hangi ƙurar abokin karawarsa.

Ƙarfin inji ya wadata. Matsalar tana baya. Camaro da Mustang da motocin Dodge da Plymouth duk a kan sifirin mai falle-falle suke zaune, irin wanda direbobinmu suka sani a ƙarƙashin a-kori-kura. Da an taka totur, taya na juyawa gaba, gidan aksil kuma yana murɗawa baya. Sai sifirin ya lanƙwashe, taya ta suɓuce, ya miƙe da ƙarfi, ta sake kamawa. Haka bayan mota zai dinga tsalle yana dukan ƙasa, wani lokaci har mahaɗin farfela ko aksil ɗin ya karye, kuɗin mai mota su bi ruwa.

Camaro ta 1967 ta sha wannan wahala saboda falle ɗaya tak aka sa mata. A 1968 Chevrolet ya raba shokazoba, ɗaya a gaban aksil, ɗaya a bayansa. Masu tsere kuwa ba su jira kamfani ba. Sandar ƙarfe suke ɗaurawa a ƙarƙashin sifirin, da roba a bakinta. Aksil na fara murɗawa sai robar ta doki gaban sifirin ta tokare shi.

A ganinmu injiniyoyin Chrysler ne suka fi fahimtar lamarin. Sun gajarta ɓangaren gaba na sifirin, suka ƙara masa tauri har ya zama tamkar sanda. Sun kuma lura cewa murɗin farfela yana rage wa tayar dama nauyi, shi ya sa sifirin ɗinsu na tsere na dama ya bambanta da na hagu. Batir ma but suka mayar da shi, don nauyinsa ya danne tayoyin baya. A 1965 suka wuce gona da iri: a wasu 'yan Dodge Coronet da Plymouth Belvedere sun matso da aksil ɗin baya gaba da inci 15, tayoyin gaba da inci 10. Motocin suka koma wata siffa mai ban dariya, NHRA ta ƙi karɓarsu a ajin motocin kamfani, amma 'yan kallo suka yi ta tururuwa. Daga nan aka samo rukunin da ake kira Funny Car har yau.

Tayoyi ma sun taimaka. Na tsere ba su da zane ko kaɗan, kuma daga tsakiyar shekarun 1960 aka samu masu laushin gefe, waɗanda ake rage wa iska su yamutse a wajen tashi.

Da taya ta fara kamawa sosai, sifirin ya gaza. Manyan 'yan tsere suka koma dogayen sanduna masu kama da tsani, daga baya kuma sanduna huɗu masu ramuka da yawa, inda bakanike zai sauya rami ya daidaita yadda mota ke danna taya. Sai dai motar da aka yi wa waldar sandunan tsani ba ta son kwana ko gargada, don haka da yawansu a tirela ake kai su fili.